Ɗaga Bodin Jif a Gida: Me Ke Tashi Sama, Me Ke Zama a Ƙasa?

Da zarar damina ta kankama a yankinmu, musamman a Yuli da Agusta, hirar masu mota takan koma kan abu ɗaya: wace mota ce za ta shiga ƙauye ta fito lafiya. Titin Kano zuwa Daura da ya ratsa Kazaure ba shi ne matsala ba. Matsalar tana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Ta wajen Roni duwatsu ne da zaizayar ruwa, ta wajen Gwiwa hanyoyin gona ne da taɓo ya kwaɓe, amalanken shanu da tarakta sun haƙa musu layi biyu sun bar tudu a tsakiya, in kuma ka nausa ta Babura sai ka tarar da rairayi mai cin taya. Duk wanda ya taɓa jin cikin motarsa ya gurji ƙasa da mara lafiya a kujerar baya ya san abin ba na wasa ba ne.

Shi ya sa maganar ɗaga mota ta shigo gari. Matasa suna ganin bidiyon Turawa a YouTube da TikTok suna ɗaga bodin jif a ƙofar gida cikin yini ɗaya, sai kowa ya ce ai wannan ba wani aiki ba ne. Mu kuma 'yan ajin ƙarshe an riga an fara kiranmu injiniya a gida tun kafin mu ga sakamako. Ko ba jima ko ba daɗe, wani kawu ko yaya zai miƙo maka makulli ya ce, "To injiniya, ga ta nan, a ɗaga min ita kafin ruwa ya yi ƙarfi." Gara ka san amsar da za ka ba shi tun yanzu, don kunyar kawu ba za ta riƙe maka birki a kan hanya ba.

Abin da nake so 'yan'uwa ɗalibai su fara riƙewa shi ne: ɗaga bodi ba ya ɗaga cikin mota daga ƙasa ko da santimita ɗaya. Abin da yake yi kawai shi ne buɗe wa manyan tayoyi wuri. Tayoyin ne ke ɗaga mota, su ma ɗin kaɗan.

Wace mota ce ma ake iya ɗagawa?

Mu a nan duk mota mai tsayi jif muke ce mata, amma ƙirarsu iri biyu ce. Akwai wadda aka yi wa shasi daban, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da suka taso daga gaba har baya kamar tsani, a kansu aka ɗaura inji da giyabos da aksil da sifirin, sannan aka ɗauko bodi aka aza a sama. Tsakanin bodin da shasin akwai robobi masu kauri, kowace da dogon noti da ya ratsa ta. Yawanci za ka ƙirga takwas zuwa goma sha biyu, ya danganta da motar. Hilux, Land Cruiser, Prado, 4Runner da Nissan Xterra duk haka aka ƙera su.

Kashi na biyu kuwa bodin ne shasin, a haɗe suke da walda tun daga kamfani. RAV4, Highlander, Honda CR-V, Lexus RX da Sienna suna nan. Waɗannan babu abin da za ka raba balle ka cusa wani abu a tsakani. Abin da ake sa musu a saman shokazoba don su ɗan tashi wani aiki ne daban, ba shi muke magana ba.

Sai a kula da Pathfinder, don ita ce ke rikita mutane. Ta shekarun 1996 zuwa 2004 a haɗe take, ta 2005 zuwa 2012 mai shasi ce, daga 2013 kuma kamfanin ya koma haɗaɗɗiya. Ita ma Pajero tsohuwar mai shasi ce, amma daga wajen 2000 aka mayar da ita haɗaɗɗiya. Saboda haka kar ka dogara da suna. Durƙusa ka leƙa da tocila. In ka ga ƙarafan nan biyu da robobi a tsakaninsu da bodi, to magana ta taso. In ba ka gani ba, ka mayar wa kawu makullinsa cikin ladabi.

Lissafin da ake gudu

Ka tsaya a bayan Hilux ka duba ƙasa. A tsakiyar aksil na baya za ka ga wani kumburarren wuri kamar tulu, wanda a aji muke kira difarenshiyal. A irin waɗannan motoci yana cikin wuraren da suka fi kusa da ƙasa, kuma shi ne yake fara hawa tudun nan na tsakiyar hanya. Tulun nan a jikin aksil yake, aksil kuma a jikin taya yake. Ka ɗaga bodi har ya taɓo wayar lantarki, tulun yana nan inda yake. Haka kaskon man inji, haka giyabos, haka salansa, duk a jikin shasi suke, ba su san ma an yi wani aiki ba. Ko sifirin ka canja zuwa masu tsayi, shasi ne zai tashi, amma tulun baya ba zai motsa ba.

Hanya ɗaya ce ta ɗaga shi: taya mai girma. To nawa za a samu? Mu ɗauki taya mai lamba 265/70R16, wadda ake yawan gani a irin waɗannan motoci. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim ne a inci. Kashi 70 na 265 ya ba mu 185.5. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, ya zama 371. Inci 16 kuma milimita 406 ne. Jimla tsayin tayar kusan milimita 777. Yanzu a ce an ɗaga bodi an saka 285/75R16, wadda a ido sai ka ce ta tarakta ce. Da irin wannan lissafi tsayinta kusan milimita 834. Bambanci 57. Amma aksil a tsakiyar taya yake, don haka rabi kawai zai samu: milimita 28, ko santimita 3 bai cika ba. Faɗin yatsu biyu ke nan.

Ba na raina yatsu biyun nan ba, wani lokaci su ne tsakanin wucewa da kwana a daji. Amma a san abin da ake saya. Kuɗin saitin ɗagawa, da tayoyi biyar, don safaya ma sai an canja, da ƙarin man da motar za ta riƙa sha, duk saboda yatsu biyu.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan babbar taya. Sabuwar ta fi tsohuwar da kusan kashi 7 cikin 100, saboda haka in maleji ya nuna 100, kana kan 107 ne ba ka sani ba. Ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan wannan kason, sai ka ji motar ta yi nauyi a hawan tudu. Birki ma aikinsa ya ƙaru, don yana ƙoƙarin tsayar da taya mai nauyi da tsayi fiye da wadda aka auna shi da ita.

Babbar maganar ita ce kifewa. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka tana amfani da wani lissafi mai sauƙi: a raba tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin mota. Duk lokacin da amsar ta yi ƙasa, motar ta fi saurin kifewa. Ƙananan motoci sukan faɗa tsakanin 1.3 da 1.5, jif da akori-kura kuma tsakanin 1.0 da 1.3. Bari mu ƙago misali irin na allo. Mota mai kilo 2,000, tazarar taya santimita 154, cibiyar nauyi a santimita 70. Amsa 1.10. A ɗaga bodi santimita 5, mu ɗauka bodi da mutanen ciki rabin nauyin ne, cibiya ta hau da 2.5. Manyan tayoyi sun ƙara 2.8. Amsa ta sauko 1.02. Yanzu sai mu yi abin da Bature bai yi a bidiyonsa ba: mu ɗora buhun gero biyu a saman rufi, kilo 100 kowane, a tsayin mita 2. Amsa ta koma 0.89. Wannan motar ce za ta hau kwalta, akuya ta gifta, direba ya murza sitiyari da sauri.

In kana ganin abin na takarda ne kawai, a watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan jerin haɗurran da yawancinsu suka shafi Ford Explorer, inda taya ke ɓarewa a guje motar ta wuntsila. Waɗancan motoci ko ɗaga su ba a yi ba. Tsayin da kamfani ya ba su ne kawai ya haɗu da taya mara kyau. Mu da muke sayen tayar Beljiyam mu hau titi da ita a zafin Afrilu, sai mu yi wa kanmu hisabi. Af, tunda maganar ta zo: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Ka riƙa dubawa kafin ka biya.

Abin da ke cikin kwali, da abin da ake haɗawa a kasuwa

Saitin kirki yana zuwa da sifesa, wato gunduwa-gunduwar roba mai tauri sosai ko alminiyam, kowace da huji a tsakiya. Sai dogayen noti da za su maye gurbin na asali, da ƙarafan ɗaga bamba, da na sauke lagireto, da ƙarin sandar sitiyari, wani lokaci da ƙarin tiyon zuba mai. Tsayin da ake sayarwa yawanci inci 1 zuwa 3 ne, wato santimita 2.5 zuwa 7.6. A ganina inci 2 ya isa duk wanda ba gasa zai shiga ba. Daga nan zuwa sama kusan komai na motar sai an taɓa shi.

Mu dai mun san halinmu, kafin a yi odar kwali daga waje an leƙa Ƙofar Ruwa a Kano an ce a haɗa na gida. Ba laifi ba ne a ƙera sifesa a nan, duk wanda ya riƙe injin sassaƙar ƙarfe a wokshof ɗin makaranta zai iya fitar da ita daga sandar alminiyam. Laifin yana cikin abin da ake zaɓa. Lokacin da nake SIWES a wani gareji an kawo wata jif da aka ɗaga a wani wuri. Da muka leƙa, gutsattsarin bututun ruwa aka yanka aka jera a matsayin sifesa. Bakin bututun siriri ne, duk nauyin bodi ya taru a kansa, har ya fara huda ƙasan motar kamar yadda ake huda fata da tsinke. Maigidanmu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da mai motar, "Alhaji, da wannan ka zo daga gida? To ka yi sadaka." Katako shi ma ba ya yi, yana shan ruwa ya kumbura ya bushe ya tsage. Tsohuwar taya da aka yanka aka jera tana lotsawa, noti ya saki. Sifesa tana bukatar faɗi, aƙalla kamar faɗin robar da za ta zauna a kai, don nauyi ya bazu.

Noti kuwa a duba kansa. Za ka ga an buga 8.8 ko 10.9. Ma'anar 8.8 ita ce ƙarfen yana jure jan da ya kai megafaskal 800 kafin ya tsinke, kuma yana fara miƙewa a kashi 80 na wannan, wato 640. Na 10.9 yana kai 1,000, ya fara miƙewa a 900. Wanda babu lamba a kansa na ƙofa ne da gadon ƙarfe, ba na mota ba. Dalilin wannan tsanani kuwa duk mun yi shi a darasin makaniks: ƙarfi sau nisa. Da can bodi yana zaune dab da shasi. Yanzu ka tsawaita notin, don haka duk lokacin da aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, bodin yana tura kan notin gaba da dogon hannu, kamar mai ɓanɓare ƙusa da kan guduma. Haɗa gajeru biyu da walda don a samu dogo ɗaya, wannan kam kada ma a fara.

Kafin a sayi komai a duba lafiyar shasin kansa. Yawancin motocinmu tokumbo ne, wasu daga jihohin Amurka da Kanada inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuma yana cin ƙarfe. A 2016 Toyota ta amince da sulhun da ya kai kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin wasu Tacoma da Tundra da Sequoia. Ka ɗauki guduma ka ƙwanƙwasa inda robobin suke zaune. In ƙarfe yana zubowa kamar ɓawon gyaɗa, aikin ya ƙare tun ba a fara ba.

Ranar aikin

In duk an tsallake waɗannan kuma mai mota ya nace, to ga yadda abin yake tafiya. Kwana biyu ko uku kafin ranar a riƙa fesa wa kowane noti man kwance tsatsa, don akwai wanda tun da aka ƙera motar ba a taɓa shi ba, in ya karye a cikin bodi kuwa aikin yini ɗaya ya zama na mako. A nemi daɓen siminti mai lebur. Tsakar gida mai yashi, balle bayan an yi ruwa, jak nutsewa yake yi a hankali ba ka lura ba. A sa giya, a ja hambirki, a tokare tayoyi gaba da baya. A cire kan batir, saboda wayoyi da kuma jakar iskar da ke cikin sitiyari. Kuma kada mutum ya yi shi kaɗai: ɗaya a jak, ɗaya yana zagayawa da tocila yana kallon abin da ke miƙewa.

Sirrin aikin duka shi ne ka zauna ka lissafa duk abin da kansa ɗaya ke jikin bodi, ɗaya kan kuma ke jikin shasi ko inji. Kowannensu zai ji jan santimita biyar ɗin nan.

Lagireto a yawancin motocin nan a jikin bodi yake, fanka kuma a jikin inji. Bodi ya tashi, lagireto da murfin fanka sun bi shi, fanka ta tsaya. In ka tayar da inji a haka fanka za ta daki murfin, ko ta farfashe ko ta yanka lagireton. Shi ya sa ake kwance murfin tun farko, daga baya a sauke lagireto da ƙarafan da aka tanada ko a gyara murfin ya daidaita. Tiyon ruwa da na na'urar sanyaya mota su ma a duba su. Wuyan zuba mai yana jikin bodi, tanki yana jikin shasi, tiyon da ya haɗa su in ya zame, fetur ne zai riƙa ɗiga kusa da salansa. Akwai wayoyin as da ke haɗa bodi da inji, da igiyar hambirki, da bututun kuloci. Sandar giya da ta taimako a motoci da yawa daga giyabos suke fitowa kai tsaye, don haka za su nutse cikin ƙasan mota da tsayin da aka ɗaga, har wata giyar ta ƙi shiga saboda sandar na dukan bakin ramin. Mutum ya ɗaga mota don shiga taɓo, ya je taɓon taimako ya ƙi shiga, ka ga an yi ba a yi ba.

Biyu ne dai ba a yi musu ganganci: birki da sitiyari. Tukunyar man birki tana jikin bodi a gaban direba, bututan ƙarfe suna sauka daga nan zuwa shasi. In ka lura a wasu motoci an naɗe bututun kamar sifirin a wannan wuri, don ya jure ɗan motsin da ke tsakanin bodi da shasi. Ana iya kwance maƙalansa a ba shi sarari a hankali, amma in ya miƙe ya yi tsam kamar tsirkiyar baka, girgizar hanya za ta tsaga shi wata rana, kuma ba zai yi sallama ba. Sai dai a canja shi da mai tsayi a fitar da iska daga birkin. Sandar sitiyari ita ma daga bodi take gangarowa zuwa shasi. Ana sassauta maɗaurinta kafin a ɗaga, a yi wa haƙoranta alama da fenti don ta koma yadda take, kuma a kulle sitiyarin kada ya juya, don akwai wayar jakar iska a naɗe a ciki da ke tsinkewa. Bayan an ɗaga, in haƙoran da suka rage a cikin maɗaurin ba su kai yadda suke da ba, dole a sa ƙarin sandar da aka ƙera don wannan motar. Yanka sandar sitiyari a ƙara mata ƙarfe da walda a bakin titi, ni dai ba zan shiga motar ba ko kyauta ce.

Ɗagawar kanta ba ta da wuya. A cire bamba ta gaba da ta baya, don a jikin shasi suke. A sassauta duk notin bodi na ɓangarorin biyu, amma a zare na ɓangare ɗaya kawai, ɗayan ɓangaren su ne za su hana bodin zamewa. A sa katako mai kauri da tsayi tsakanin jak da ƙasan bodi don kada ƙarfen ya lotsa, a ɗaga a hankali, ana yi ana tsayawa ana leƙawa, har sifesa ta samu shiga da ƙyar. Kar a wuce haka. A cusa katako mai ƙwari tsakanin bodi da shasi a matsayin tsaro. Bulon siminti ba abin tokare mota ba ne, yana rugujewa lokaci ɗaya ba tare da ya nuna alama ba. Kuma ɗan'uwa, don Allah, hannunka kada ya shiga tsakanin bodi da shasi. Tura sifesar da filaya ko sanda. Jak na mai yana iya saki, abin da ke samansa kuma ya fi ƙarfin ƙashin yatsa nesa ba kusa ba.

In sifesa sun zauna a kan robobin asali, a zura sababbin noti a ɗaura da hannu kawai, a sauke, a koma ɗaya ɓangaren a maimaita. Robar da ta tsage a canja ta yanzu, don ba za a sake samun dama irin wannan ba. Sai an gama duka an auna an ga bodi ya zauna daidai a tsakiya, ƙofofi suna rufuwa ba gardama, sannan a ɗaure da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya ce, da ɗan man kulle zare. Ɗaurin "sai ya yi ƙara" da ake yi da dogon bututu yana miƙar da noti ya wuce iyakar nan ta 640 da muka ambata, daga nan kuma ƙarfinsa ya tafi.

Kafin a hau titi a murza sitiyari dama da hagu har ƙarshe, mota a tsaye, a ji ko yana cijewa a wani wuri. A taka birki a riƙe, a ga ko feda na nutsewa. A shiga kowace giya har da taimako. A bar inji ya yi zafi ana kallon fanka da allurar zafi. Fitilun gaba sun tashi tare da bodi, a sauke haskensu, in ba haka ba duk mai babur da ya taho daga Ɗambatta da dare sai ka makantar da shi. Akwai kuma gibin da zai bayyana a ramin taya tsakanin bodi da shasi, a rufe shi da shimfiɗar roba, don ta nan taɓo da ruwa za su riƙa watsuwa kan inji da wayoyi. Matakalar shiga ma a tuna da ita. Hajiya da ke fama da gwiwa ita za ta fara gaya maka an ɗaga motar.

Abin da zan gaya wa kawu

Ni in aka tambaye ni, tambayar farko da zan yi ita ce: ina motar take gurza, kuma a wace hanya? Sau da yawa jif ɗin da ake kuka da ita ba gajeriya ba ce, tsufa ne ya zaunar da ita. Sifirin da ya shekara ashirin yana ɗaukar buhuna ya kwanta, shokazoba ta mutu, sai motar ta riƙa dukan ƙasa a kowane rami. Sabon sifirin da shokazoba suna dawo mata da tsayinta na kamfani ba tare da an taɓa sitiyari ko birki ba. Sannan motoci da yawa suna karɓar taya mai ɗan girma, kamar daga 265/70R16 zuwa 265/75R16, ba tare da an ɗaga komai ba. Wannan yana ba da milimita 13, kusan rabin abin da duk wancan aikin zai bayar. A gwada a murza sitiyari har ƙarshe a ga ko tana gogar wani wuri. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji shi ma yana maganin duwatsun Roni fiye da tsayin bodi.

Rairayin Babura kuwa ba ruwansa da tsayi. Abin da yake so shi ne a rage iskar taya don ta baje a kan yashi, a tafi da giyar da ta dace ba tare da tsayawa ba, in an fito kwalta a mayar da iskar nan take. Ƙaramin famfon taya mai aiki da batir ya fi sifesa goma amfani a can. Iyayenmu sun shiga waɗannan ƙauyuka shekara da shekaru da Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ba taimako, ba ɗagawa, sai sanin hanya.

Ruwa mai gudu shi ne inda tsayi ke yaudarar mutane. Direba yana zaune sama yana ganin kamar ya fi ƙarfin rafi, alhali aksil da giyabos suna inda suke, kuma suna da 'yan ƙofofin shaƙar iska da ruwa ke bi ya gauraya da mai. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai kamar santimita 60 yana iya tafiya da jif. Wannan da kaɗan ya wuce gwiwar babban mutum.

In kuma an riga an ɗaga, to aikin bai ƙare ranar da aka sauke jak ba. Robobi da sifesa suna ƙara zama bayan an fara hawa, noti ya ɗan saki. Bayan tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita, a ce zuwa Kano da dawowa sau biyu ko uku, a koma ƙarƙashi da sifana mai awo a bi su ɗaya bayan ɗaya, a sake yin haka bayan damina. Ka ja layin farin fenti daga kan kowane noti zuwa ƙarfen da ke gefensa. Duk ranar da ka leƙa ka ga layin ya rabu biyu, notin ya juya.